Gambar da Ta Yi Ƙaura

Ranar Litinin da hantsi aka kawo wa Sufeto Ashiru ƙarar, a caji ofis na Kankiya, yana tsakiyar faɗa da fankar da ta ƙi juyawa.

Mutum biyu ne suka shigo. Na gaba Alhaji Dalhatu, shugaban kwamitin filaye na Tudun Ɗinya, wani ƙauye a kan hanyar Kusada. Na baya Malam Harisu, sakataren kwamitin, rungume da fayil kamar jaririn da aka ba shi ajiya.

"Yallaɓai, an yi wa gwamnati sata," in ji Alhaji.

"Gwamnati ta saba. Mi aka ɗauka?"

"Turaku shida na siminti, masu lamba, waɗanda safiyo mai awon ƙasa ya kafa."

Malam Harisu ne ya yi bayani, da Hausa mai santsi. Ƙaramar hukuma ta yanka filin gari fuloti-fuloti domin a gina gidaje. Gwamnatin jiha ta amince, amma da sharaɗi: a bar burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa tafki, faɗinsa taku arba'in. Turakun nan su ne suka raba fulotan da burtalin, yau da safe kuma aka tarar babu su. Ranar Alhamis jami'an sa ido za su zo daga Katsina su duba. In suka sa hannu, magana ta ƙare.

"Ɓarawon ma mun taho da shi," Alhaji ya ce. "Jaji Bafillace. Sawun shanunsa ne ko'ina a wurin."

"Wa ya ga turakun daga ƙarshe?"

"Ni da idona, ranar Juma'a."

An ce gani ya kori ji. Wanda ya fara faɗin haka bai taɓa zaman ɗaukar bayanin shaidu ba.

Harisu ya miƙa wata takarda da aka riga aka buga da na'ura. Kwamiti na roƙon a sake kafa turakun ranar Alhamis, a bi layin ciyawar gamba da ke bakin burtalin kamar yadda safiyo ya yi tun farko. Sufeto ya duba kwanan watan. Jiya Lahadi. Bai taɓa ganin kwamitin da ke aiki ranar Lahadi ba, amma ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Jaji na zaune a bayan kanta, dogo, siriri, furfura ta cinye gemun. Shi ne wakilin makiyaya da ya bi safiyo ranar awo. Saje Auwalu, wanda Babarbare ne, ya riga ya buɗe masa wasan da ke tsakaninsu.

"Bawana, yau Allah ya kawo ka gidan ubangijinka."

"Ko a kurkuku Bafillace ya fi Babarbare a kan karaga," Jaji ya ce, amma babu dariya a fuskarsa.

Sufeto ya ja kujera.

"Baffa, ina ka kai turakun?"

"In kai su ina? Saniya na cin siminti?"

"Shanunka sun je wurin?"

"Ba su je ba."

"Sam?"

"Ta gabas muke zagayawa."

Ya faɗa yana kallon ƙafarsa. Sufeto ya yi tsaki ya miƙe. Abin da ya fi ba shi haushi a aikin nan ba ƙaryar mai laifi ba ce, wannan sana'arsa ce. Ƙaryar marar laifi ita ke cinye wa mutum yini.

Da azahar suka isa Tudun Ɗinya. Watan Maris ne, rana kamar ta fasa dutse. Komai ya bushe ya yi launin toka, daga karan gero har ƙaya. A gefe guda ga tsohon shingen gonaki. A ɗaya gefen ga fulotai, da gine-gine biyu uku da suka fara tasowa tun kafin takarda ta fito, kamar yadda aka saba.

Harisu ya nuna ramuka shida a gindin layin gamba.

"Nan suke, Yallaɓai. Dubi kashin shanu."

Kashin shanu kam akwai shi, ɗanye ma. Sufeto ya durƙusa ya zura hannu a ramin farko. Bai kai wuyan hannu ba ya taɓo ƙasa mai tauri.

"Tsawon turken nawa ne?"

"Kamu biyu. Ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama."

"Kamu guda a cikin wannan ramin? Ko kaza ba ta isa ta yi ƙwai a ciki ba."

"Shanu sun tattake, ƙasa ta rufta."

Sufeto ya miƙe. Ya koma jikin shingen gonaki, ya fara taku yana ƙirgawa. A taku na ashirin da bakwai ƙafarsa ta shiga cikin gamba.

"Alhaji, arba'in kuka ce."

"Ai kai dogo ne, Yallaɓai."

"Tsawona bai cinye taku goma sha uku ba."

Ya tsaya yana share gumi, sai idonsa ya tsaya a kan ciyawar. An daɗe da yanke kanta, amma daga gindin kowane dunƙule ga ɗanyen tofo, kore shar, wanda shanu suka gaigaya. Ya waiga gabas, ya waiga yamma. Duk faɗin filin nan babu koren abu ko ɗaya sai wannan layin.

Ya sa Saje ya buga waya ofis, aka kara wa Jaji a kunne.

"Baffa, zan sake tambayarka sau ɗaya, rana na dukana. Shanunka sun zo nan?"



"Sun je."

"Mi ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Gambar iyaka ce, Yallaɓai. Tun zamanin iyayenmu ba a bari dabba ta ci ta. Wanda shanunsa suka ci, gaban dagaci ake kai shi, a kunyata shi. To wata uku ba su ga ɗanye ba, suka hango kore, wa zai tare su? Na bugi wannan, waccan ta wuce."

"Tun yaushe ta yi kore?"

"Sati biyu. Ni ma na yi mamaki. Na ce ko aljanu ne."

"Aljanu na da aikin yi. Ba ka lura hanyar ta matse ba?"

"Na lura. Na faɗa wa sakatare, ya ce tsufa ne ya taɓa mini ido."

Sufeto ya kashe wayar. Ya tambayi masu kallo wa ke yankan gambar nan da kaka. Baki ɗaya suka ce Iya Kulu.

Sun same ta a zaure tana ɓarar gyaɗa. Ta haura saba'in, ciwon gwiwa ya hana ta nisa da gida tun bayan girbi. Marigayi mijinta ne ya dasa gambar tare da mahaifin Jaji, shekarar da aka yi sulhu a kan burtalin. Tun daga nan ita ke sa a yanka, ta sayar wa masu saƙar zana.

"Iya, kwamiti ya taɓa tambayarki inda iyakar take?"

"Kwamiti? Ɗana, su da ke da biro mi za su tambayi mai ɓarar gyaɗa?"

Aka ɗora ta a motar 'yan sanda. Tana sauka ta dubi layin gambar, ta dubi Sufeto.

"Wa ya kawo ta nan?"

"Ba nan take ba?"

"Dunƙule talatin da ɗaya ne, na san su kamar jikokina. Na farkon a gindin waccan aduwar yake. Yanzu ga shi nan ya yi hijira, ba sallama." Ta taka da sandarta, ta kama dunƙule guda ta ja. Ya taso a hannunta ba gardama, ƙasar gindinsa a jiƙe. "Gambar da ta shekara arba'in a wuri, sai an sa mata gatari. Wannan baƙuwa ce. Kuma wani wawa na ba ta ruwa. Gamba da rani barci take yi, ba a tashinta."

Ta ja su zuwa gindin aduwa. Saje ya karɓi fartanya ya kwashe ƙasar sama. Ga tsofaffin saiwoyi an datse su da shebur. Suka bi layin, rami bayan rami, duk an cike an daddaɓe. Sufeto ya ƙirga daga shinge. Arba'in cif.

Layin ya miƙe har ya ci karo da bangon wani sabon gini da ya kai linta. Ya shiga ta ƙarƙashin taga, ya fita ta ƙofar baya.

"Ginin wane ne?"

Kowa ya sami abin kallo a sama.

"Alhaji, da kai nake."

"Na... na Malam Harisu ne."

"Ranar Juma'a da ka zo ka ga turaku da idonka, ba ka ga ɗaya a tsakiyar falon sakatarenka ba?"

Alhaji Dalhatu ya cire hula ya mayar.

"Gaskiya, Yallaɓai, ranar Juma'a ina garin Kaikai wurin ɗaurin aure. Sakatare ne ya ce mini suna nan. Shi ke zuwa, ni sa hannu nake yi."

"Ka taɓa zuwa filin nan?"

"Na zo ranar buɗewa. An yi hoto."

Haka ake riƙon amanar ƙasa. Mai sa hannu bai gani ba, wanda ya gani ba a tambaye shi ba, takarda kuma ta tafi Katsina tsaf da hatimi.

Malam Harisu bai gudu ba. Yana tsaye a inuwar bangonsa, fayil a ƙirji. A bayansa ga kurar ruwa da jarkoki goma.

"Malam, ruwan mi kake sha haka?"

"Ban-ruwan bulo ne."

Sufeto ya shafa bangon, ya nuna masa tafin hannunsa, fari fat da ƙura.

"Magininka na cikin masu kallo, ya ce rabonsa da aikin nan wata biyu, tun ranar da safiyo ya zo. Bulon nan ya fi maƙogwarona bushewa. Sawun kurar kuwa ba nan ya tsaya ba, can ya bi layin gamba, ya dawo."

"Kowa na iya aron kura."

"Haka ne. Kowa kuma na iya buga takardar neman sake awo ranar Lahadi, alhali sai yau Litinin da safe aka gano satar. Mu shiga ciki."

A ɗaki na biyu an zuba cikon ƙasa sabo, an daddaɓe. Saje ya sa shebur. Bai yi sara biyar ba ƙarfe ya bugi siminti. Ya share da hannu, lamba ta fito. Suna nan su shida, an jera su kamar doya a rumbu.

Harisu ya zauna a kan bulo. Fayil ɗin ya zame ƙasa, bai ɗauka ba.

"Tun kafin awo na fara ginin," ya ce a hankali. "Na ɗauka in bango ya tashi ba wanda zai ce a rushe. Kowa haka yake yi. Sai safiyo ya zo da Jaji, suka bi gamba, turke na huɗu ya faɗo tsakiyar falona. Shekara tara ina tara bulon nan, Yallaɓai."

"Shi ya sa ka matsar da gambar."

"Na san in turaku suka ɓata, gamba za a sake bi. Mutanen Katsina ba su san aduwa ba, ba su san Iya ba. Abin da takarda ta ce za su duba."

"Jaji fa? Mi ya yi maka?"

"Shi kaɗai zai iya tsayawa ranar Alhamis ya ce ba nan ba ne. Kwana huɗu kawai nake so ya yi a rufe."

"Kwana huɗu. Daga nan garke ɗari su matsu a taku ashirin da bakwai, su faɗa gonakin mutane da damina, a zaro adduna, a kira ni in zo in kwashi gawa. Ka lissafa wannan a fayil ɗinka?"

Sufeto ya kakkaɓe hannunsa, ya ci gaba.

"Abu ɗaya ne ban gane ba. Mi ya kai ka ba ta ruwa?"

"Na ji tsoron kada ta mutu kafin Alhamis, a gane dashe ce."

Iya Kulu ta yi dariya har sai da ta dafa sanda.

"Da ka bar ta a bushe, ɗan nan, da ko ni sai na wuce ban duba ba. Uban wa ya taɓa ganin gamba kore a watan nan? Shanu ma sun gane, kai da ka yi boko ba ka gane ba."

Sufeto ya buga waya ya ce a saki Jaji, a kawo shi da mota, shi ne zai tsaya a kan turakun har masu sa ido su zo. Ya gaya wa Alhaji Dalhatu ya biyo su ofis ya rubuta bayani, wannan karon abin da ya gani kawai, ko da layi ɗaya ne.

Saje Auwalu ya sa wa Harisu ankwa. Sun kama hanyar mota ta gefen koren layin, inda wata farar saniya ta riga ta dawo tana figar tofo. Harisu ya tsaya, ya waiwayo.

"Iya, in ba a ba ta ruwa ba yau, mutuwa za ta yi."

"Wuce dai, sakatare," ta ce, tana kakkaɓe ƙasar dunƙulen da ke hannunta. "Zan mayar da ita gidanta. Shekara arba'in tana tsaron iyakar nan, ba ta taɓa neman kwamiti ba."