Gwangwani a Ƙarƙashin Kujerar Baba

A garinmu Nabul an yi wani yaro mai shegen son tsokana. Babansa, Munji, direban haya ne. Kullum yana ɗaukar fasinja zuwa Tunis a farar motarsa mai jan layi.

Wata rana yaron ya tsinto gwangwanayen giya a bakin teku. So yake ya ɗaura su a bayan keken maigadin makaranta, su yi ta ƙara. Ya san Umma ba za ta bari su shiga gida ba. Sai ya tura su ƙarƙashin kujerar Baba a cikin mota. Ashe akwai sauran giya a cikin ɗaya.

Washegari 'yan sanda suka tsayar da motar a hanya. Ɗaya ya leƙo, ya ja hanci. Ga gwangwani ya gangaro kusa da birki.

Ya ce, "Sauko, malam. Hura wannan na'urar mu gani ko ka sha."

Baba ya ce, "Ni? A gaban fasinjojina? Ni da ban taɓa shan abin da ya wuce shayi ba?"

"Ga wari, ga gwangwani. Dole in gwada ka."

"Ba zan hura ba."

"To, kawo lasisin."

Daga ranar mota ta kwanta a ƙofar gida. Ganyen lemo ya yi ta zuba a kanta. Kifi ya ɓace daga kuskus ɗin Umma.

A wurin shan shayi direbobi suka sa Baba a gaba. "Munji, ashe a ɓoye kake yi? Ko tayi babu?" Baba ya daina fita. Sai ya zauna a tsakar gida, yana juya makullin mota a hannu.

Yaron yana gani. Bakinsa ya yi nauyi.

A makaranta Malama ta kira shi. Ta ce, "Kwana biyu ba ka sa wa kowa ƙadangare a jaka ba. Lafiya?"

Ya fashe da kuka, ya gaya mata komai. Ya ce, "Malama, in na faɗa, Baba zai tsane ni."

Ta ce, "Zai yi fushi. Amma yanzu sunansa ne ke ɓaci, kai kaɗai za ka iya wanke shi."

Da ya koma gida ya durƙusa gaban Baba. "Baba, ni na sa gwangwanayen."

Baba ya miƙe. Ya ce, "Ɗauko takalminka."

Suka je ofishin da aka ajiye lasisin. Jami'in ya saurari yaron har ƙarshe. Ya ce, "Na yarda da kai. Gwangwaninka ne ya ba mu dalilin gwaji. Amma, malam Munji, ƙin hurawa ne ya tafi da lasisinka. Mai ɗaukar rayukan mutane ba ya ƙin gwaji. Sai wa'adin dakatar da kai ya cika."

Baba ya sunkuyar da kai.

A hanyar gida yaron ya tsaya a wurin shan shayi. Ya faɗa wa direbobin gaskiya. Wani tsoho ya jawo kujera ya ce, "Zauna, Munji. Ka yafe mana."

Da wa'adin ya cika, lasisi ya dawo. Yaron ne ya wanke motar tas, har ƙarƙashin kujera.

Ranar da aka sake tsayar da su, Baba ya karɓi na'urar ya hura da ƙarfi. Ɗan sandan ya yi dariya. "Ya isa, malam, ba balan-balan ba ne. Allah Ya kiyaye hanya."

Yara, ku duba wasanku kafin ya cuci wani. In kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Shiru ƙara ɓarna yake yi.