Ƙwaya Biyu da Kishin Sagiru

Sagiru na kwance kan tabarma a tsakar gidansu da ke Rano, ya tokare baya da filo, yana kallon matarsa Nuriyya tana tankaɗe. Wayarta ta yi ƙara. Ta leƙa, ta karkaɗe hannu, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Karo na uku ke nan a satin nan!

Shekara guda ke nan da bas ɗin da yake ja zuwa Kano ta kife da shi, bayansa ya taɓu. Da ciwon ya ƙi tafiya, likita ya ɗora shi kan wata ƙwaya mai ƙarfi, irin wadda ke narkewa a hankali ta daɗe tana aiki, ɗaya da safe ɗaya da magariba. Da farko biyun na isarsa. Daga baya tun kafin la'asar sai hamma da gumi da ƙunci su taso masa, ya fara ƙara ta uku a ɓoye. Da Nuriyya ta gane, sai ta kulle maganin a akwatinta, ta rataya makullin a wuya.

Tana fitowa ya miƙa hannu. "Ba ni wayar nan."

"Yaya Sagiru, wai me—"

"Na ce ki ba ni!"

Sunan da ya gani ya sa ya tashi zaune, ya manta da ciwon baya. Lukman! Ɗan kawunta, nas a asibiti, wanda duk Durba, garinsu Nuriyya, an san ya nemi aurenta kafin Sagiru ya kasa shi.

"Lallai! Don kin ga na zama gurgu shi ne kika koma wa mai farar riga?"

"Wallahi maganarka muke yi," ta ce, hawaye na zubo mata. "Jikinka ya saba da maganin nan, tsoro nake ji."

"Maganata ce sai an rufe ƙofa?"

Hayaniyar ta fito da mahaifiyarsa, Hajiya Zainaba, wadda dama ta daɗe tana jin haushin makullin nan.

"Ke Nuriyya, ke ce likitan? Ɗana na murƙususu kin kulle masa magani, kina waya da tsohon saurayi a cikin gidana? Cire makullin nan, ki tafi gidanku sai mun neme ki!"

Nuriyya ta durƙusa. "Inna, zan tafi. Amma don Allah biyu kawai a rana, kada ya wuce."

Sagiru ya juya mata baya.

Kwana huɗu ya yi ba abin da yake gani a zuciyarsa sai babur ɗin Lukman a ƙofar gidansu Nuriyya. Ya gan ta tana shimfiɗa masa darduma, tana yi masa dariyar nan tata mai lotsa kumatu. Duk lokacin da hoton ya zo sai ya jefa ƙwaya a baki, har ya koma tauna ta don ta yi saurin kama shi. Inna kuwa ba ta hana shi, a ganinta mai ciwo ai shi ya san ciwonsa.

Ranar Alhamis bayan azahar, abokinsa Habu, ɗan kamasho a tasha, ya zo dubiya da wata ƙaramar kwalba.

"Jiƙon saiwoyi ne, mutumina. Direbobi duk shi suke sha, sha ɗaya baya ya saki."

Sagiru ya shinshina, warin ya bugi hancinsa. "Habu, anya ba giya a ciki?"

"Haba! Magani ne fa."

Zuciyarsa ta gaya masa gaskiya, amma babur ɗin Lukman ya sake gilma masa. Ya ɗaga kwalbar ya shanye.

Da ya buɗe ido, farin silin ya gani, roba a hancinsa, jikinsa na karkarwa. Mutumin da ke tsaye a kansa yana gyara ledar ƙarin ruwa kuwa Lukman ne.

"Me wannan yake yi a kaina?" ya faɗa da dusasshiyar murya.

"Rufe mana baki!" in ji Inna, idonta ya kumbura. "Ni da na ji kana munshari har hamdala na yi, wai ka samu barci. Sai ga yarinyar nan daga Durba a kan acaɓa, ta kawo katin asibitinka, wai gobe ne ranar ganin likita. Tana jin munsharin ta yar da jaka. Ta jijjiga ka ba ka motsa ba, leɓenka ya yi baƙi, numfashi sai an jima ka ja ɗaya. Ita ta juya ka ta gefe, ita ta kira Lukman, ita ta tare mota a titi ko mayafi babu!"

Lukman ya ce, "Malam Sagiru, da an ƙara 'yan mintoci da wani zancen ake yi. Sai da muka yi maka allurar da ke karya ƙarfin maganin. Ƙwayar nan tana rage numfashi, giya ma haka, to ka haɗa su. Ga shi ka tauna ta, ƙarfin da aka tsara ya shiga jiki a hankali ya zubo maka lokaci guda." Ya miƙa masa wayarsa. "Karanta saƙonninta. Ni 'yar'uwata ce, ban da wannan babu komai."

Sagiru ya karanta. Ya Lukman, ya ƙara ta uku, ya zan yi? Ya Lukman, don Allah kada 'yan tasha su ji, mutuncinsa nake ji. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk sunansa ne a ciki.

Nuriyya na rakuɓe a bakin ƙofa. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Nuri... ki yafe mini."

"Ni ma na yi kuskure da na ɓoye maka. Ka tashi kawai, shi nake so."

Inna ta jawo ta jikinta tana kuka. "'Yata, na kore ki, ga shi ke kika dawo mini da ɗana."

Ba a yanke masa maganin rana ɗaya ba, don likita ya ce yin haka wata wahalar ce. A hankali aka riƙa ragewa, aka haɗa masa da gashin baya da motsa jiki. Wata bakwai yana fama, wata rana ya yi kuka, wata rana ya yi faɗa, Nuriyya na haƙuri. Ciwon bai tafi duka ba, amma ya koma aiki, yana yankar tikiti a tasha, kuma shi ne ya fara tare direbobi yana hana su kwalbar nan. Da Allah ya ba su ɗa namiji, da bakinsa ya raɗa masa suna Lukman.

Don haka maganin asibiti mai ƙarfi a sha shi yadda likita ya ce, kada a ƙara, kada a tauna, kada a kusantar da shi da giya ko da an sa mata sunan jiƙo. Mai kishi kuma ya tambaya kafin ya yanke hukunci, don wani lokaci wadda yake zargi ita ce ke tsare masa rai.