Injin Yana Ƙarƙashin Kujera, Usta

Ranar da Jalol ya fara ganin Durdona, rigar wani ce a jikinsa.

Asabar ce, ba ya da aiki a asibitin haƙorin da yake yi a Fargona, sai ya leƙa garejin abokinsa Bahrom a Margilon. Shayi ya zube masa a riga. Bahrom ya cilla masa tsohuwar rigar aikinsa mai maiƙo ya ce ya sa kafin tasa ta bushe, shi zai je kasuwa ya dawo.

Bai daɗe da fita ba sai ga wata ƙaramar bas fara, irin ta iyali, ana turo ta. Wani dattijo na gefe, hannu ɗaya a sitiyari. A baya wata budurwa ce ta kafa kafaɗa, ɗankwalinta ya zame, gumi na bin kumatunta.

"Usta, taimaka!" in ji dattijon yana haki. "Tsohuwa ta ƙi tashi. In na murɗa makulli sai ta ce ƙyas, shi ke nan."

Jalol ya buɗe baki zai ce shi ba usta ba ne, wato ba bakanike ba ne. Daidai nan budurwar ta ɗago ta dube shi. Sai ya ji bakinsa ya ce, "To, bari mu gani."

Ya nufi gaban motar yana neman inda zai ɗaga. Ya shafa nan, ya shafa can, babu.

"Usta," ta ce a hankali, "injin yana ƙarƙashin kujera."

"Na sani. Fitilu nake dubawa."

Dattijon, wanda ya ce sunansa Tolib-aka, ya ɗage kujerar, ya kuma nuna masa batir. Jalol bai gane komai ba a cikin tarin wayoyin nan, amma ya ga wani farin gari ya daskare a kan batir, kamar dattin da yake kankarewa a haƙoran mutane kullum. Wannan kam ya iya. Ya ɗauki 'yar wuƙa ya kankare tas, ya ɗaure da sifana.

Tolib-aka ya murɗa makulli, Tsohuwa ta ɗauka.

"Durdona, kin gani? Wannan shi ne usta! Karɓi lambarsa."

Jalol ya fi kowa mamaki.

Daga nan waya ta fara shigowa. Yau lagireto na tafasa, gobe bel na kuka kamar 'yar akuya, jibi fitila ɗaya ta mutu. Duk Asabar sai Jalol ya ari rigar Bahrom ya tafi gidan. Yakan shige ƙarƙashin motar, ya liƙa waya a kunne, ya yi ƙasa da murya.

"Bahrom, akwai wani abu baƙi mai zagaye, yana ɗiga."

"Duk abin da ke ƙarƙashin mota baƙi ne mai zagaye, likita. Ɗauki hoto. Kuma don Allah ka gaya musu gaskiya kafin ka kashe wani."

Sanobar-opa, matar Tolib-aka kuma mahaifiyar Durdona, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Duk fitowar da za ta yi, ƙafafu biyu kawai take gani sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Durdona ce ke kawo shayi da burodi da inabi. Zanen launi take yi a wata masaƙar siliki, yatsunta kullum da ɗan shuɗi ko ja. Takan tsuguna ta miƙa masa kofi, ta ce, "Jalol-aka, waccan sifanar ce, ba wannan ba."

Dada take kiran mahaifinta, Oyi kuma mahaifiyarta. Wata Laraba saƙonta ya shigo yana tsakiyar aiki:

"Jalol-aka, yau Dada ya danna hon sai waifa ta tashi. Ya kashe waifa sai rediyo ya mutu. Oyi ta ce aljanu ne. Ku me kuka ce?"

Ya rubuta: "Ba aljanu ba ne, ƙila fiyus ne. Zan zo Asabar. Kina gida?"

"Motar ce ba ta da lafiya, ba ni ba."

Jim kaɗan wani ya biyo: "Ina gida."

Ya canza fiyus ɗin. Hon ya daina tayar da waifa, ya koma kunna fitilar ciki.

Sau da yawa ya yi niyyar faɗa mata. Amma wata rana a gindin inabi ta ce masa ita tana son mutumin da yake cin guminsa, ba masu farar riga da ke kallon mutane sama-sama ba. Jalol ya haɗiye maganar tare da shayin. Ya yanke shawarar ya tura mahaifiyarsa neman aurenta kawai. In manya suka zauna, gaskiya za ta fito da kanta, kuma ai ba mummunar gaskiya ba ce.

Mahaifiyar tasa, Hilola-opa, ta sa rigarta mafi kyau, ta ɗaure burodi biyu na neman aure a farin ƙyalle, ta ɗauki hotonsa na ranar kammala karatu, ta tafi da ƙanwarta.

Kafin su dawo saƙo ya shigo:

"Jalol-aka, yau wasu mata sun zo nema wa ɗansu aurena. Wai likita, wani Mirjalol. Oyi har rawar jiki take. Ko hotonsa ban kalla ba. Na ce a gaya musu haƙorana lafiya lau. Kada ranku ya ɓaci, jonim, ni na gama zaɓe."

Jalol ya karanta ya sake karantawa. Mirjalol cikakken sunansa ne, mahaifiyarsa kaɗai ke kiran sa da shi. Karon farko ke nan da Durdona ta ce masa jonim, wato masoyina, kuma a cikin saƙon da ta ƙi shi. Ya rasa ko rawa zai yi ko kuka.

Hilola-opa ta shigo ta dangwarar da ƙunshin a kan tebur. Burodin ya dawo ba a gutsura ba, alamar ba a amsa ba.

"Wai akwai wani bakanike! Uban ko hoton bai kalla ba, ya ce shi bakaniken yake so, don ya fahimci motarsa. Uwar ta ce in tana raye 'yarta ba za ta auri mai baƙin farce ba. Suka kama faɗa a gabanmu, yarinyar ko leƙowa ba ta yi ba. Ni da gidan nan har abada!"

"Oyijon, shi wannan bakaniken..."

"Kada ka ambace shi! Allah ya sa sifana ta faɗo masa a babban yatsa."

Jalol ya janye ƙafarsa ƙarƙashin kujera.

Ya ɗauki waya zai gyara. Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, a ƙarshe abin da ya tura shi ne: "Durdonahon, ƙila likitan nan mutumin kirki ne. Da kin dai duba hoton."

Amsar ba ta ɓata lokaci ba: "Au, tura ni kuke yi? Na ɓata da mahaifiyata saboda ku, ku kuma kuna yi wa wani talla. Na gode. Mota ta warke, ba sai kun zo ba."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, waya a kashe.

Bayan 'yan kwanaki, yana asibiti, fuskarsa rufe da takunkumi, aka shigo masa da mara lafiya. Tolib-aka ne, kumatu a kumbure, Sanobar-opa na ingiza shi daga baya. Ta tsallake asibitocin Margilon kaf ta kawo shi nan, don ya ga irin surukin da ya yi wa kansa asararsa.

Jalol ya ƙara jan takunkumin sama. Ya nuna kujera da hannu.

"Likita, kada ka ji haushi," in ji Tolib-aka yana kwanciya, "ba raini ba ne. Mun riga mun yi suruki. Yaro ne mai hannun zinariya."

"Mai hannun baƙin mai dai," in ji matarsa.

Jalol ya duba. Turmin haƙorin ya lalace, sai cirewa. Ya ɗauko abin cira, ya manta kansa ya ce, "Ku ƙara buɗewa kaɗan, Tolib-aka."

Dattijon ya ƙame. Ya dubi idanun, ya dubi tabon ƙunar lagireto a bayan hannun. Ya miƙa hannu ya fizge takunkumin.

"Usta!" Ya ga ƙarfen da ke hannunsa, ya diro daga kujera. "Da filaya? A bakina?"

"Wane usta?" in ji Sanobar-opa. "Wannan shi ne na hoton!"

"Bakanikena ne!"

"Likitana ne!"

Sai ta sunkuyar da kai ta dubi takalmansa. Ta daɗe tana kallo. "Tsaya. Ƙafafun nan na san su."

Jalol ya zauna ya faɗi komai, tun daga shayin da ya zube. Sanobar-opa ta dafe ƙirji, ta rasa wanda za ta yi fushi da shi. Tolib-aka kuwa ba dariya a fuskarsa.

"Duk bazarar nan kana taɓa min mota ba ka san komai ba? A cikinta nake kai jikokina makaranta." Ya riƙe kumatunsa ya fita, da haƙorinsa.

Maganar ta hana Jalol sukuni. Asabar na yi ya ɗauko Bahrom, ya sa rigarsa ta gaskiya, suka tsaya a ƙofar gidan.

"Tolib-aka, wannan shi ne usta. Ban zo roƙon komai ba. Ku bari ya duba motar saboda yaran."

Bahrom ya shige ƙasa. Ya fito da wata waya da tsatsa ta cinye, wadda ke haɗa batir da jikin mota. Ita ce aljanun, in ji shi: wuta ta rasa hanyar komawa, sai take bin duk inda ta samu. Ya sake shiga. Wannan karon ya fito ba ya murmushi, ya kira Tolib-aka ya nuna masa robar birki ta tsattsage, mai na tsattsafowa.

Jalol ya gane shi. Abu baƙi mai zagaye da ke ɗiga. Ya taɓa tura hotonsa, ashe na kusa da shi ya ɗauka.

Tolib-aka ya tsuguna kusa da Bahrom yana miƙa masa kayan aiki.

Durdona ta fito da tire. Ta ajiye a gindin inabi, ta zuba shayi ba ta dube shi ba.

"Durdonahon, ki yafe min."

"Tun ranar da kuka nemi inji a gaba na san ba ku iya ba," ta ce. "Na ɗauka bakanike ne mara sa'a. Na ce wannan bawan Allah in ban aure shi ba yunwa za ta kashe shi. Har lissafi nake yi ko albashina zai riƙe mu."

"Tsoro na ji. Kin ce ba kya son masu farar riga."

"Don in kwantar muku da hankali na faɗa!" Idonta ya ciko. "To yanzu ya zan yi? Na rantse ba zan auri likita ba. Oyi ta rantse ba zan auri bakanike ba."

"Ni dai kin san bakanike ban iya ba. In likitancin ne matsala, sai in nemi aiki a masaƙarku."

Ta danne dariyar, ta ƙi dannuwa. Ta tura masa kofin. "Ku sha, kafin ya zube. Amma daga yau ko suna na uku gare ku, ku faɗa min yanzu."

"Babu, jonim. Sun ƙare."

Haƙori ne ya gama sauran aikin. Ranar Litinin Tolib-aka ya dawo asibiti shi kaɗai, kumburin har ido. Da aka cire, ya zauna da auduga a baki, sannan ya ce, "Ka yi ƙarya, amma da kanka ka kawo wanda ya tona ka. Turo mahaifiyarka."

Hilola-opa ce ta fi wuyar shawo kai. "Wato ɗana na yi ta zagi?" Sai da Sanobar-opa ta zo da kanta da kwandon rumman, suka zauna kowacce na ba ɗayar haƙuri a kan abin da har yanzu ba su gama ganewa ba. Wannan karon an gutsura burodin.

Da kaka aka yi biki. Tun da safe maza suka cika layin suna cin shinkafar ango, masu kakaki na busa. Da aka zo sallamar amarya, Tolib-aka ya tsayar da su a ƙofa, ya kamo hannun Jalol ya danƙa masa wani abu.

Makulli ne.

"Ba ni da abin da na fi so bayan 'yata," ya ce. "Na ba ku Tsohuwa."

Jalol ya dubi makullin, ya dubi Bahrom, wanda ya juya baya kafaɗunsa na girgiza. Daga ƙarƙashin lulluɓi Durdona ta taka masa ƙafa.

"Yi godiya," ta raɗa. "Ni zan riƙa tuƙi."

Ya rungume dattijon. Jama'a suka ɗaga hannuwa, Tolib-aka ya yi addu'a: Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka, ya tsofar da su a kan matashi ɗaya, ya kai su duk inda suka nufa ya dawo da su lafiya.

Aka shafa. Babu wanda ya kai ango ƙarfin amin.