Ƙofar Arewa

Tamsin na zana hoton bangon arewa na ƙaramin cocin gidan Lovell, sai Giles, ɗan masu gidan, ya tsaya a bayanta.

"Me kika gani a bangon nan?"

"Ƙofarmu," ta ce, tana nuna masa shatin wata tsohuwar ƙofa a jikin dutsen. "Kakan kakanninka ya toshe ta."

Ba ƙarya ta yi ba. Shekara ɗari biyu da hamsin ke nan da wani Lovell ya rushe ƙauyenmu kaf, wai muna tare masa kallon tafki. Ya kora mu bayan tudu, ya bar cocin don ado, ya liƙe ƙofar talakawa. Kakanninmu na kwance a harabar, amma sai da tikiti muke ziyartarsu. Har gobe abin na ci mini rai.

So kuwa ba ruwansa da tarihi. Kafin tuffa ta nuna, saƙo ya shigo wayarta: "Tam tawa, kullum na wuce bangon nan sai kunya ta kama ni. Ki aure ni."

Ta mayar: "Sarkin kunya, je ka faɗa wa Baba."

Mahaifiyar Giles ta jima tana cika tana batsewa, sannan ta ce ta yi alfarma, amarya ta shigo coci ta ƙofar iyalin gidan.

Wilf Garside, mahaifin Tamsin, mai kiwon tumaki, ya dire kofin shayi. "Alfarma? 'Yata ba ta shiga ta ƙofar aro. Ko ta kakanninta, ko a fasa."

Wata bakwai Giles na cewa ta yi haƙuri, har Tamsin ta cire zoben baikonsu tana kuka. Ashe zarya yake wajen hukumar tsoffin gine-gine neman izinin buɗe ƙofar, uwarsa kuma ta daina yi masa magana. Da izini ya fito, shi ya fara ɗaga guduma. Magina suka tarar da dokin ƙofar ya lotse saboda sawun mutanenmu.

Ranar aure ƙauye ya taho ƙwansa da kwarkwatarsa. Ƙofar gajera ce, Giles kuwa dogo, ya tsaya yana aunawa.

"Sunkuya, Lovell," in ji Wilf. "Mu mun daɗe muna yi."

Ya sunkuya. Mahaifiyarsa ta cire hularta mai gashin tsuntsu, ta bi bayansa.

Wilf ya damƙa masa hannun Tamsin. "Ga ta nan, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya."