Mai Taya Aikin Dare

Da aka sallami ma'aikatan gidan tsofaffinmu a Iskandariyya, manaja Fawzi ya ce in riƙa ɗaure tsofaffin a gado, tunda ni kaɗai na rage da dare.

Daren Talata na jiyo ihun Fawzi daga ɗakin ƙarshe. Na tarar an ɗaure shi tamau da bandeji, wata mai lulluɓi tana murɗe masa hannu har ƙashi ya ce ƙas! Ƙamshin kafur ya cika ɗakin.

Na ce, "Baiwar Allah, wace ce ke?"

"Taya ki aiki na zo, 'yata. Shi ma ya ɗanɗana."

Ta ɗago hannu, na ga shatin ɗauri. Ranar Juma'a ni na yi wa hannun nan wankan gawa.