Jabu Ya Kankare Lamba

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Oga ne ya daka tsawar, bindiga a hannu, da tsakar rana, a cikin siton kamfanin da ke buga takardun shaidar kaya. Mutum uku suka tarar: mai gadi da cokali a baki, mai kula da sito, da wata dattijuwa mai shara da ta ƙi kwanciya.

"Ɗan nan, gwiwata ba ta lanƙwasuwa. In harbi ne, harbe ni a tsaye."

"To zauna, Inna! Kai Jabu, kwali mai jan tef, maza!"

Jabu ya sunkuci kwalin. Ba sunan yanka ba ne Jabu. Bara aka tura shi shagon agoguna, ya yi gumi, ya sha gudu, ya dawo da agogo arba'in, ashe duk na bogi ne. Tun ranar sunan ya manne masa. Da safen nan kuwa Oga ya ja masa kunne: in aka sake maimaitawa, ya nemi wata sana'ar.

Abin da ke cikin kwalin 'yan ƙananan takardu ne masu ƙyalli, irin waɗanda ake mannawa a jikin kwalba. Mai saye ya kankare, lamba ta fito, ya tura ta waya, a gaya masa ko kayan na gaskiya ne. Wani mai dama man shafawa a bayan gidansa ne ke son su, ya manna wa nasa.

"Mu ware!"

Dogo direba ya fizgi mota. Kwana — hon — akuya ta sha da ƙyar! Minti ashirin suna cikin wani tsohon gareji da aka daina aiki a cikinsa. Oga ya koma gefe yana waya da mai man shafawan, mai sayen kwalin.

Dogo ya miƙe ƙafa a kan taya. "Mutumina, ka dai duba da kyau ko? Kada a buɗe a tarar da takardar alewa."

"Bar ni, don Allah."

Amma maganar ta shige shi. Me ya sa mai siton nan bai yi gardama ba? Har nuna masa kwalin ya yi da haɓa! Jabu ya buɗe kwalin. Ya zaro takarda ɗaya. A jikinta an rubuta: Kankare ka tura, kyauta ne. Bawan Allah ya kankare da makulli, ya ɗauko wayarsa, ya tura.

Ƙit! Amsa ta shigo. Layin farko kawai ya karanta, ya daka tsalle.

"Na gaske ne! Oga, na gaske ne! Kamfanin da kansu suka faɗa!"

A can kamfanin, Sufeton 'yan sanda na shan shayi yana jin bayanin dattijuwa karo na uku, sai ma'aikaciyar kwamfuta ta leƙo.

"Ranka ya daɗe, an turo lamba daga cikin kwalin da aka sace."

"Da wace waya?"

"Tasa. Ga sunansa, ga hotonsa, ga unguwar da yake tsaye."

Sufeto ya ajiye kofi a hankali. "Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa gamuwa da ɓarawo mai bin ƙa'ida irin wannan ba. Ku tada mota!"

A gareji, Oga ya karɓi wayar ya karanta har ƙasa: Wannan lambar tamu ce. Sai dai ba ta fita kasuwa ba tukuna. Za a neme ka.

Ya dubi Jabu, ya daɗe yana dubansa. Sai ya yi murmushi, ya mayar masa da wayarsa, har da dafa masa kafaɗa.

"Aikinka ya yi kyau. Ku jira ni nan, in ɗauko mai saye."

Daɗi ya kashe Jabu. Shi da kansa ya saka masa kwalin a but. Sai da motar ta fita suka ji ƙarar kwaɗo daga waje. Ƙaras!

"Ya kulle mu!" in ji Dogo. "Kai, me ka aikata?"

Jiniya! Dogo ya kama katanga, ya haye, ya dira — ƙas! Ƙafa ta tafi. Jabu ko motsi bai yi ba. Yana tsaye da waya a hannu aka ɓalle ƙofa.

Oga ma bai yi nisa ba. Kafin ya isa, kamfani ya soke lambobin kwalin gaba ɗaya. Mai saye ya gwada guda, aka ce masa ta sata ce, ya sa yaransa suka zaune Oga, shi kuwa ya bi ta ƙofar baya. 'Yan sanda suka zo suka tsinci abinsu.

Alƙali ya ba Oga shekara goma sha biyu. Dogo bakwai, da ɗingishin da zai kai shi kabari. Jabu ma bakwai.

A bakin kotu matarsa ta tsaya, goye da 'yarsu da ba ta fara tafiya ba. Ba ta yi kuka ba, haushi ya hana ta.

"Baban Nana, ni abu ɗaya nake so in ji. Wa ya aike ka ka tura?"

Ya sunkuyar da kai. Sai ta ga idonsa ya kawo ruwa, tausayinsa ya kama ta duk da haushin.

"So nake sau ɗaya a ce na iya."

Ta gyara goyonta. "Ai da ni ka tambaya, da na faɗa maka a gida."

Gandiroba ya ja shi zuwa mota. Yarinyar tana ta ɗaga masa hannu, ta ɗauka kasuwa zai je.