Tayar Gaba ta Hagu

Tunda an ɗauke wuta, ku ja tabarma ku matso. Mai raunin zuciya ya tashi tun yanzu, don ba mai raka kowa ƙofar ɗaki in an gama.

Tanimu direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Kano da Haɗeja. Ba shi da hayaniya, amma yana da taurin kai a kan abu ɗaya: ba mai taɓa masa taya sai Lawandi, mai faci a bakin tasha. Tare suka tashi, a kwano ɗaya suka ci, ranar auren Tanimu ma shi ne babban aboki. In ka zagi Tanimu zai iya yin dariya. In ka kushe aikin Lawandi kuwa, to ka nemi wata motar.

Wata Laraba tayarsa ta gaba ta hagu ta kumbura a gefe, ya kai wa Lawandi. Lawandi ya shiga bayan rumfa ya gangaro da wata, har da wilinta, zanenta ko goguwa bai yi ba.

"Ina ka samo wannan, mutumina?"

"Kai dai kawo jak. Kyauta na ba ka."

Tanimu ya lura abokin nasa ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya lura da ƙafa yake tura tayar, ba da hannu ba. Da ya gama ɗaure noti, sau biyu ya wanke hannu. Duk Tanimu ya gani, amma daɗin kyauta ya rufe masa ido, ya yi ta godiya har bakinsa ya gaji.

Washegari abin ya fara. A gudun sittin mota lafiya lau, a tamanin ma haka. Allura na taɓa ɗari sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa kamar ana tankaɗe. In ya sassauta ƙafa, shiru.

Tanimu ba baƙon mota ba ne. Ya san in kujera ce ke girgiza, matsalar a baya take. In sitiyari ne, a gaba take. Ya tsaya ya gwada noti ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure. Ya auna iska, daidai. Ya leƙa cikin wili ko laka ta daskare, ba komai.

A tasha direbobi suka tambaye shi, "Tun yaushe ta fara?"

"Tun Alhamis."

"Me aka yi mata ranar Laraba?"

Nan ya haɗe rai ya bar musu benci. Bawan Allahn nan ya je aka yi masa alaimen, wato saitin tayoyi, aka duba ƙafar mota, aka duba birki. Ba ƙarfen da bai zarga ba a motar nan, ban da abin da yaron goye ma zai nuna da yatsa. Fasinja suka fara gudun motarsa, shi kuwa yana nan a kan bakansa.

A ƙarshe ya je wurin wani dattijo, Malam Nafi'u, mai injin daidaita taya. Injin yakan juya taya ya nuna gefen da ya fi nauyi, sai a maƙala 'yar dalma a ɗaya gefen. Malam Nafi'u ya juya, ya maƙala dalma. Ya sake juyawa, nauyin ya koma wani wuri. Ya juya karo na uku, ya sake komawa wani wurin.

"Ko ruwa ne ya shige ta?" in ji shi.

Suka jijjiga, ba ƙarar ruwa. Dattijon ya kara kunnensa a jikin robar. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, sai ya ciccire dalmarsa ya ja da baya.

"Ɗauki tayarka. Wanda ya ba ka, shi za ka mayar wa."

"Me ka ji, Malam?"

"Ban ji komai ba. Ɗauke ta daga nan."

Tanimu ya je ya gaya wa Lawandi, yana ma dariyar tsohon. Lawandi bai ɗago daga facin da yake yi ba. Ya ce, "Sabuwa ce, sai ta zauna. Ka riƙa ba ta wuta, za ta saki."

Tanimu kuma ya yarda. Wallahi ya yarda.

Ranar Litinin ya rasa fasinja ko ɗaya a Haɗeja, ya juyo shi kaɗai. Rana ta yi ja, magariba ta kawo kai. Ba gari kusa. Sai ya hango mace tsaye a bakin hanya. Ba ta ɗaga hannu ba. Tausayi ya kama shi, ya taka birki.

Ta buɗe gaba ta zauna. Motar ba ta nutsa ba ko kaɗan.

Ya saci kallonta. Ta ɗaura zanen goyo, ta ja majanyi tamau, amma bayanta ba ɗa.

"Ina zuwa, baiwar Allah?"

"Gaba kaɗan. Kada ka wuce tamanin."

Tana zaune a damansa. Muryar a kunnensa na hagu ta sauka, ta wajen taga.

Gashin jikinsa ya miƙe. Ƙafarsa ta danna totur ba da saninsa ba. Tamanin. Casa'in. Ɗari. Sitiyari ya fara rawa. Yau ba rediyo, ba surutun fasinja, sai ya ji abin da bai taɓa ji ba: wani siririn kuka a ƙarƙashin ƙafarsa ta hagu.

"Tsoro yake ji," in ji ta.

"Wa?"

"Ɗana. Sassauta."

Ya sassauta. Kukan ya koma shessheƙa, ya yi shiru.

Ta nuna masa wata ƙatuwar tsamiya a kan kwanar hanya, inda gawar wata mota ta daɗe a kife, ciyawa ta fito ta tagoginta. "Tsaya can. Kwance tayar."

Ya fito ya kafa jak. Duk addu'ar da ya iya ta tsere masa, sai Bismillah yake ta maimaitawa. Yana durƙushe ta zo ta tsaya kusa da shi. Ya ga ƙafafunta. Dugaduganta ne a gaba, yatsu a baya. Ya mayar da idonsa kan noti, bai ƙara ɗagawa ba.

"Damina biyu tayar nan tana kwance a gindin bishiyar nan," ta ce. "A ciki nake kwantar da shi. Na tafi ɗebo ruwa, wani ya zo a babur ya ɗauke."

"Bai sani ba ne," in ji Tanimu. "Da ya sani..."

"Sau uku na je masa. Na ce ya mayar inda ya ɗauka, ba abin da zan yi masa. Ya ji tsoron dawowa nan. Zuwa na huɗu ya nuna mini motarka. Ya ce, 'Ta bar hannuna. Ga mai ita can.'"

"Ƙarya ne."

Ku ji mutum. Aljana a tsaye a kansa, a dokar daji, shi kuma yana ƙaryata ta saboda aboki.

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Na tambaye shi, in ɗana ya wahala a hannun wancan fa? Ya ce tsakanina da kai ne. Ya ce kai kana da ƙarfin zuciya, Tani."

Sifana ta faɗi daga hannunsa. Duk duniya mutum biyu ne ke kiransa Tani: mahaifiyarsa, wadda ta rasu, da Lawandi. Tsoron ya fice masa fit, wani abu mai ɗaci ya maye gurbinsa. Ya tuna yadda ya yi ta godiya. Ya tuna "ka riƙa ba ta wuta."

"Ba na shiga mota sai an tsaya mini," ta ce. "Kwana goma sha biyu ina tsaye a hanyar nan. Kana wuce ni a guje, ina jin kukansa. Da yau ma ka wuce, da ba ka kai gida ba. Sace iskar."

Ya kwantar da tayar a gindin tsamiya, ya danna bakin iska da ƙusa. Iskar ta fito da ɗumi, tana ƙamshin nono. Ta juya baya ta sunkuya. Yana kallo zanen goyon ya fara cika, a hankali, har wani ɗan kai ya turo ta sama. Bai yarda ya ga fuskar ba.

Ta gyara majanyi. "Ka tsaya mini, don haka abu ɗaya gare ka a wurina. In ka ce in koma masa, zan koma."

Zuciyarsa ta ce masa ce mata ta je. Bakinsa har ya buɗe. Sai ya tuna 'ya'yan Lawandi huɗu da ke rugowa su tare shi suna Baba Tanimu.

"Ki bar shi," ya ce.

"Shi bai ce a bar ka ba."

Ta zagaya bayan bishiyar. Ba ta fito ta ɗaya gefen ba.

Ya ɗaura safaya ya kama hanya. Ɗari, ɗari da ashirin, sitiyari ko motsi. Hawaye ne kawai ke hana shi ganin titi sosai. Duk da haka, har ya isa gida yana nema wa Lawandi mafita. Aljanu ma ai suna ƙarya, in ji shi a ransa. Wataƙila wani mai facin ne. Wataƙila a bakin wani ta ji sunan.

Da safe ya tsaya a gaban rumfar. Lawandi ya miƙe. Bai dubi fuskar abokinsa ba, tayar gaba ta hagu ya fara duba. Da ya ga safaya, sai ya sauke numfashi.

"Mutumina, rawar ta daina?"

"Ta daina," in ji Tanimu. "Ta ce in gaishe ka."

Ya tsaya yana jira, yana roƙon Allah a ransa Lawandi ya ce, "Wa?" Kalma ɗaya tak, da sai ya rungume shi ya manta komai.

Lawandi bai tambaya ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ta karɓi ɗan?"

Tanimu ya shiga mota ya ja. Bai zage shi ba, bai kai ƙararsa wurin kowa ba. Har yau in sun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure, yakan amsa masa sallama ya wuce.

Ku kuma ku riƙe wannan. Abin da kuka gani yashe a gindin tsamiya, ba yasasshe ba ne, ku bar shi inda yake. Kwanar tsamiyar nan kuma kada wanda ya bi ta shi kaɗai in rana ta yi ja. Matar ta ga ɗanta, amma ba a ce ta tashi daga wurin ba.